Mene ne "band" da masu gyaran waya suke ta faɗa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12 nan Legas, harkar albasa nake yi. Wata biyu da suka wuce na sayi waya tokumbo a Ikeja, tsaf take ko ƙwarzane babu, amma tunda na sa layina ban taɓa ganin 4G a samanta ba, kullum H ko E, alhali yaron shagona yana gefena da ƙaramar wayarsa yana kallon bidiyo ba tsayawa kuma layinmu iri ɗaya ne. Na kai wa mai gyara ya ce wai band ne bai dace ba, in kawo dubu biyar ya yi mata filashin. Mene ne band ɗin nan, kuma in ba shi kuɗin?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, amin na gode. Riƙe kuɗinka tukuna.

Kalmar nan fa ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe, mun dai manta inda muka santa ne. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kama BBC, wadda sashenta na Hausa ya fara tun 1957, ya saba jin ana cewa za ku same mu a kan mita 16 ko 19 ko 31. Har yanzu ina ganin rediyon mahaifina a idona, gilashin gabanta an jera SW1, SW2, MW da FM, ga wata 'yar jar allura tana tafiya a hankali in ya murɗa, sai ya kanga kunne yana jira shuuu ɗin ya lafa murya ta fito. Waɗannan layukan na jikin gilashin su ne band. A Turancin yau da kullum kalmar tana nufin maɗauri ko zirin abu mai ɗan faɗi, sai injiniyoyi suka ara suka laƙaba wa kowane yanki na zangon da saƙo ke bi a iska.

Ka ɗauki kasuwarku, fili ɗaya ne amma an yanka shi, ga ɓangaren 'yan albasa ga na 'yan tumatur ga na 'yan doya. Haka aka yanka iska don kada murya ta hau kan murya, a Najeriya hukumar NCC ke raba wa kamfanonin waya, NBC kuma ke ba gidajen rediyo da talabijin. Ma'aunin shi ne megahaz. In ka raba 300 da adadin megahaz za ka samu tsawon zangon a mita, shi ya sa mita 49 ta faɗo wajen megahaz 6, FM kuma tana tsakanin 88 da 108, zangonta kusan mita uku ke nan.

To mu dawo kan wayarka. Da GSM ta shigo a 2001 a kan megahaz 900 da 1800 aka ɗora ta, kuma kusan kowace waya a duniya tana jin waɗannan, shi ya sa kiranka ke shiga lafiya lau. 3G tana kan 2100. Wurin 4G ne aka samu rarrabuwa, don a nan ƙasar waɗanda aka fi aiki da su su ne band 3 mai 1800, band 7 mai 2600, band 20 mai 800 da band 28 mai 700, kuma ba kowane kamfani ke da dukkansu ba. Wayar da aka ƙera don kasuwar Amurka sau da yawa band 2, 4, 12, 13 ne a cikinta, abin da ke ruɗa mutane ma shi ne 12 da 13 su ma a 700 suke amma yankansu daban da na 28, ba za su ji juna ba. Wasu wayoyin da aka yi don cikin gida a Chana kuma ba su da 20. Manyan wayoyi masu tsada galibi suna ɗauke da band da yawa, matsalar ta fi yawa a matsakaita da ƙanana.

Kuma ko wayar tana da ɗaya daga ciki ba shi ke nan ba. Ƙaramin lamba irin 700 da 800 shi ke tafiya nesa ya ratsa bango, 2600 kuwa yana ɗaukar kaya da yawa amma ba ya jure nisa da siminti, don haka sai ka ga mutum yana da 4G a bakin titin Ikorodu, yana shiga can cikin rumfa ta ɓace.

Maganar filashin, wato sake wa waya manhaja, ita ce ta fi ɓata mini rai, saboda ana yawan karɓar kuɗin bayin Allah a kanta. Band a jikin ƙarfen wayar yake, akwai ƙananan na'urori da aka manna a kan allonta tun daga masana'anta, sauya manhaja ba ya haifar da abin da ba a sa ba. Kafin ka yanke hukunci dai duba abu uku: shiga saitin netwok ka tabbatar an zaɓi 4G ko LTE, ka sa layinka a wayar yaron naka ka gani ko sim ɗin ne tsoho, sannan ka nemo cikakkiyar lambar samfurin wayar a saiti, ba sunanta kawai ba, ka rubuta a intanet tare da kalmar bands. In babu 3, 7, 20 ko 28 a jerin, gara ka yi musanyarta ka cika kuɗi, ko ka sayi ƙaramar mifi, wato 'yar na'urar intanet da ake sa wa sim, ka riƙa jona wayar da ita ta wayfay.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce a Agege. Rawutar gidanmu, wato na'urar da ke ba mu wayfay, tana nuna suna biyu, ɗaya an rubuta 5G a ƙarshensa, ke nan muna da 5G?

AMSA: A'a ƙanwata, wannan ma maganar band ce. Wayfay yana aiki a gigahaz 2.4 da gigahaz 5 (gigahaz ɗaya megahaz dubu ne), to na biyun ne ake taƙaita shi a rubuta 5G. Ita 5G ta kamfanonin waya tsara ta biyar take nufi, a nan tana kan megahaz 3500, MTN ta fara ta a 2022, Airtel ta biyo a 2023. In kina ɗaki ɗaya da rawutar ki kama mai 5 ɗin ya fi sauri, in kin koma ɗakin baya ko tsakar gida ki koma 2.4.