Amsa kan piyano: na katako, na lantarki ko manhaja?

Ɗan'uwa, ka ce kana unguwar Rayfield a Jos, kana koyon piyano don nishaɗi, kuma ka rasa wanda za ka saya tsakanin na katako, na lantarki, da manhajar kwamfuta.

Na katako babu kamarsa a daɗin sauti, domin guduma ce ke bugun waya, jikin katakon kuma yana amsawa. Amma hunturun Jos ba ya raga masa. Iska ta bushe, katako ya tsuke, sauti ya karkace. Damina ta zo ya sake kumbura. Wayoyinsa sun haura 200, ana so a saita su kamar sau biyu a shekara, mai saitin kuma sai an yi cigiya. Ga nauyi, ranar tashi daga gidan haya sai ka tara majiya ƙarfi.

Ni dai na lantarki zan ce ka ɗauka, irin Yamaha P-45 ko Roland FP-30. Ka tabbatar maɓallansa 88 ne masu nauyi, in ba haka ba yatsunka za su saba da laushi. Ba ya buƙatar saiti, ka sa abin kunne ka yi ta bugawa da dare ba ka tashi maƙwabta ba. Ƙaramar inbata ma ta riƙe shi in an ɗauke wuta.

Manhaja irin Pianoteq tana da kyau, sai dai dole ka haɗa ta da kibod na MIDI, wato allon maɓallan piyano da ake jonawa da kwamfuta, kuma in kwamfutarka ba ta da ƙarfi sautin yakan makara bayan ka danna. Ka bar ta sai hannunka ya faɗa tukuna.