Kun Tambaya, Mun Amsa: Shigar Alƙalin Wasa, Kayan Aikinsa da Kamun Kansa

Wasiƙun wannan fitowar daga 'yan'uwa mazauna Saudiyya suka zo, kuma duk a kan alƙalancin wasa suke, irin wanda ake yi a filin unguwa da na makaranta, inda babu albashi, babu mai tsaron lafiyar alƙali. Mun zaɓi guda biyar.

Tambaya: Assalamu alaikum. A Dahran nake aiki, yarona ɗan shekara 11 yana buga besbol, wasan jifa da bugun ƙwallo da sanda, da 'ya'yan abokan aikina. Alƙalai sun yi ƙaranci, an roƙe ni in riƙa tsayawa bayan mai cafe ƙwallo. Na koyi dokokin, amma da na ga jerin kayan da ake so in saya sai jikina ya yi sanyi. Wanne ne dole, wanne ne ado? (Wani uba daga Dahran)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri da ka amsa wannan kira. Garin da kake ya daɗe da sanin wasan nan, domin yaran Dahran sun sha zuwa gasar besbol ta yara ta duniya, wato Little League, da ake yi duk watan Agusta a Williamsport, can jihar Pennsylvania ta Amurka. Iyayen da za su zauna kallonka sun san kamannin alƙali tun kafin ka buɗe baki.

Fara da abin da zai kare jikinka. Nauyin ƙwallon besbol tsakanin giram 142 ne zuwa 149, kuma tana da tauri kamar dutse. Wadda mai cafewa ya kama ba ruwanta da kai. Wadda ke raunata alƙali ita ce wadda ta gogi gora, wato sandar bugun ƙwallo, ta sauya hanya, ko wadda ta kuɓuce wa mai cafewa, kuma a wasan yara irin wannan kuɓucewa ta fi yawa. Don haka kada wani ya ce maka ai yara ne, jifarsu ba ƙarfi.

Abu biyar ne ba a tsayawa a wurin nan sai da su. Na farko garkuwar fuska ta ƙarfe, haɗe da ɗan marfin da ke reto a ƙasanta yana kare maƙogwaro. Sababbin alƙalai suna ɗaure igiyarta tamau, wannan kuwa kuskure ne: a bar ta da ɗan sassauci, don idan ƙwallo ta buga, garkuwar ta juya ta tafi da wani ɓangare na ƙarfin dukan maimakon ta miƙa shi duka ga muƙamuƙi. Duk ranar da ta sha duka mai ƙarfi, duba sandunan. Idan ɗaya ya lanƙwashe ko walda ta tsage, ta gama aiki.

Na biyu sulken ƙirji mai tauri, wanda ake sawa a ƙarƙashin riga. Nan aka fi yin ganganci. Dole ya hau har gindin wuya ya rufe ƙasusuwan nan biyu da suka gitta daga wuya zuwa kafaɗa, don su ne suka fi saurin karyewa. Mutum zai gwada shi a tsaye a shago ya ga ya zauna daidai, amma da ya durƙusa a fili sai ya zame ƙasa ya bar ƙashin a buɗe. Gwada shi a durƙushe gaban madubi, ka ja igiyoyin baya har ya daina motsi. Na uku makarin ƙwauri da ya rufe gwiwa, a ƙarƙashin wando, maɗaurai suna kallon waje don kada na hagu da na dama su sarƙe kana gudu. Na huɗu kofin kare gaba, wanda kunya ke sa wasu su ƙi saya, alhali raunin wurin ba ƙarami ba ne. Na biyar takalmi mai ƙarfe a kan yatsu da bayan ƙafa.

Idan kuɗi bai kai ba, ari garkuwa da sulke da makarin ƙwauri daga masu shirya gasar, ka sayi kofi da takalmi naka na kanka. Idan ɗaya daga cikin biyar ɗin ya gagara, tsaya bayan mai jifa ka yi hukunci daga can, ko ka karɓi alƙalancin zanguna, wato wuraren da mai bugu ke rugawa ya taka, har kayan su cika.

Sauran ƙanana ne masu araha. Akwai ɗan abin ƙirge mai juyawa da babban yatsa, wanda ke riƙe maka lissafin jifa mai kyau da marar kyau da waɗanda aka fitar. A hannun hagu ake riƙe shi, kuma da hagun ake cire garkuwa, saboda hannun dama na nuna hukunci ne. Sai ɗan burushi na share farar robar nan mai kusurwa biyar da ke gaban mai cafewa, wadda ake kira gida, mai faɗin inci 17. Idan ƙasa ta rufe gefenta, kana hukunci ne a kan abin da ba ka gani. In za ka share, zagayo ka fuskanci mai cafewa, ka juya wa mai jifa baya. Sai jakar ƙwallaye ɗaya ko biyu a ɗamara.

Shiga kuwa: wando ruwan toka mai yalwa da zai ɓoye makarin ƙwauri, baƙar ɗamara, baƙar safa, takalmi a goge, riga a cuse cikin wando, kuma launinta ɗaya da ta abokin aikinka. Hula mai gajeren baki tana kallon gaba, ba a juya ta baya. Koyi cire garkuwa ta hanyar janyo ta gaba sannan sama, don kada hular ta faɗi duk lokacin da ka cire.

Tambaya: Zafi da gumin gabar teku sun yi yawa. Ba zan iya ajiye sulken ba in na ga yaran ƙanana ne ƙwarai? (Wani malamin makaranta daga Dammam)

Amsa: A'a, Malam, ba za mu ba ka wannan sassauci ba. Abin da za ka rage shi ne zafin. Sa 'yar shara mai tsane gumi a ƙarƙashin sulken, ka guji ta auduga, don tana shan gumi ta yi nauyi ta kuma goge fata. In masu gasa sun yarda, ku zaɓi riga shuɗiya mai haske maimakon baƙa. Akwai kuma tsohon samfurin sulke mai kama da matashi, wanda ake rataya a kafaɗa a riƙe daga waje. Ya fi shan iska kuma yana kare hannuwa sosai, sai dai yana rage saurin motsi.

Wasan yara 'yan ƙasa da shekara 13 zagaye shida ne, kuma a kowane zagaye ƙungiyoyin suna musayar wuri. Duk musaya ka kurɓi ruwa, kada ka jira ƙishi. In ka ji jiri ko ciwon kai ko tashin zuciya, tsayar da wasa ka nemi inuwa. Bayan wasa kada ka bar kayan a but ɗin mota: zafi yana busar da soson garkuwa ya taurare, gishirin gumi yana cin igiyoyi. Shanya su a inuwa.

Wani abu da zafi ke jawowa shi ne gaggawa. Alƙalin da ya gaji yana yanke hukunci tun ƙwallo tana iska. Bari ta shiga safar mai cafewa, ka maimaita ta a zuci, sannan ka furta. Kuma in ka ga tana nufo ka, kada ka kau da kai, domin gaban fuska ne a kare, gefen kunne a buɗe yake.

Tambaya: Ni nake hura wasa a gasar ƙwallon ƙafa da muke yi da daddare a watan azumi bayan tarawihi. Da rigar ƙungiyar da nake goyon baya nake shiga, ina duba lokaci a waya. Wasu suna ƙorafi. Akwai laifi? (Wani matashi daga Jidda)

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma masu ƙorafin suna da gaskiya. Dokokin wasa da IFAB, hukumar tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta duniya, ke fitarwa sun wajabta wa alƙali abu huɗu: usur, agogo, jan kati da katin gargaɗi mai ruwan ɗorawa, da ɗan littafin rubuta abin da ya faru. Waya ba ta cikinsu. Kira zai shigo, allo zai mutu, kuma duk sanda ka sunkuya kana shafa ta idonka ya bar ƙwallo. Ɗaura agogo biyu in da hali, ɗaya yana tafiya ba tsayawa, ɗaya kana tsayar da shi don sanin lokacin da aka ɓata. Usur ma biyu, masu sauti daban, saboda in filaye suna jere da juna 'yan wasanka za su tsaya da jin usur ɗin maƙwabta. Usur ɗin da ba shi da ɗan ƙwallon nan mai karkaɗawa a cikinsa, irin Fox 40, ya fi, don mai ƙwallo yana shaƙewa in yawu ko ƙura sun shige shi. Ɗaure shi a wuyan hannu, kada ka yi gudu da shi a baki. Katunan ka raba musu aljihu don kada ka zaro ja a wurin gargaɗi. Ƙara da kwabo na ƙuri'a da fensir, domin biro yana ƙin rubutu a takardar da gumi ya jiƙa.

Rigar ƙungiya kuwa ka bar ta a gida. Doka ta ce launin 'yan wasa ya bambanta da na alƙalai, don haka riƙe riguna biyu, baƙa da wata mai haske, ka zaɓa bayan ka ga ƙungiyoyin da masu tsaron raga. Iso da rabin sa'a kafin lokaci, ka zaga fili. Girgiza turakun raga ka tabbata a kafe suke, ka duba ko ragar ta yage, don ta irin wannan huda rigimar ta shiga ko ba ta shiga ba take tasowa. Iskar ƙwallo ta kasance tsakanin atmosphere 0.6 da 1.1 a ma'aunin iska. Ka auna takunka a gida ka san nawa ne ke ba ka mita 9.15 na katangar bugun tazara.

Tambaya: Matsalata ita ce kowa ya san ni. Kocin wata ƙungiya ƙanin mahaifina ne, 'yan wasa abokan tasowata. Ya zan yi? (Wani mai karatu daga Makka)

Amsa: Wannan ita ce tambaya mafi nauyi a cikin duka, don ido wa ka raina, wanda kake gani kullum. In kawunka ne koci, faɗa wa masu shirya gasa tun da wuri su ba wani wasan. Ko ka yi adalci tsantsa, rabin fili ba zai yarda ba, kuma zumunci ne zai biya kuɗin.

Inda ba makawa sai kai, tarbiyya ba ta hana ka gaida manya, amma ka daidaita gaisuwar. Yadda ka gaida wannan benci haka za ka gaida wancan, tsawonta ɗaya, fuska ɗaya. Kada ka zo a motar wata ƙungiya, kada ka zauna shan shayi ko gahawa da ɓangare guda kafin wasa, kada ka karɓi na goro daga kowa in ban da abin da masu gasa suka yanka maka. A cikin fili kira kowa da lambar rigarsa ko ka ce kyaftin, ban da sunan wasa na unguwa. In dattijo ya ɗaga murya daga benci, taka ka same shi, ka ce a hankali, "Baba, na ji ka, a yi haƙuri a bar mini wasan." In ya maimaita, tun shekarar 2019 doka ta ba ka ikon nuna wa jami'an benci kati. Ɗaga shi sama a natse, ba tare da tura shi a fuskar mutum ba, ka rubuta, ka koma aiki. Ba a zagi, ba a taɓa jikin ɗan wasa, ba a muhawara da 'yan kallo. Kuma in abokin aikinka ya yi kuskure, ku tattauna ku kaɗai bayan an tashi, ba a zauren WhatsApp na unguwa ba.

Tambaya: Ɗana yana son alƙalanci amma ba ya son gajeren wando mai bayyana cinya, kuma ba ya rabo da zoben azurfa. (Wata uwa daga Madina)

Amsa: Hajiya, Allah ya yi masa albarka, wannan mai sauƙi ne. Ya sa baƙin matsattsen wando mai wuce gwiwa a ƙarƙashin gajeren, safa ta hau ta same shi, ko ya nemi izinin masu gasa ya sa dogon baƙin wandon motsa jiki marar rubutu. Zobe kam sai ya cire, domin doka ta hana alƙali sa kayan ado kamar yadda ta hana 'yan wasa, kuma shi ne zai tsaya a bakin fili yana sa su cire nasu. Ya ajiye shi a ƙaramin aljihun jakarsa mai zif kafin ya fara ɗumama jiki.