Naɗe kwalaben humra da takarda kafin a tura su

Hajiya, kin tambaya ko takarda kaɗai, ba leda, za ta kare kwalaben humra daga Kano zuwa Legas. Za ta kare.

Fara ɗaure murfi da salatif, don yoyo ya fi fashewa yawa. Kowace kwalba ki naɗe ta ita kaɗai da takarda mai ruwan ƙasa, ninki uku, ki ƙara a wuya. Sai ki cukuikuye wata ki cusa ƙasan kwali, gefe da sama, kaurin santimita 5. Cukuikuyayya ce ke shanye bugu, shimfiɗaɗɗiya ba ta tare komai. Ki rufe ki girgiza. In kin ji ƙwal-ƙwal, da sauran gurbi. Jarida kam bar ta, tawadarta na ɓata kaya. Da damina ki roƙi direba kada ya ɗora kwalin saman mota.