Ba Yau Za Mu Tayar da Injin Nan Ba

Jiya da yamma ka tambaye ni, wai tunda mun gama haɗa injin fijon nan, me zai hana mu yi masa kik mu ji, ko da bodin na wajen mai fenti. Na ƙyale ka ne don akwai mutane. Yanzu jawo benci ka zauna.

Ba za a tayar ba. Sabon haɗi ana tayar da shi ne idan motar ta kusa hawa titi, kwana biyu ko uku ya rage. Ku yaran yanzu so kuke inji ya yi kuka ku ɗauka a waya ku ɗora a TikTok, abin da ke faruwa a cikinsa bai dame ku ba.

Tun kana goye, wani Alhaji mai fataucin hatsi daga wajen Maigatari ya kawo mini akori-kura, fijo 504 haɗin Kaduna, injin ya buga. Na sauke shi, na kai karanshaf Kano aka gyara, na shiga Ƙofar Ruwa na sayo silif, fistin, ringi, matal da sabon kanshaf. Rabin kuɗin daga aljihuna, don ya ce in ya sayar da riɗi zai cika mini. Sati biyu ina kan injin nan, ko yaro ban bari ya taɓa ba. Ranar da na ɗaure tof, wato murfin kan injin, sai ga shi da abokansa biyu, wai ba zai ƙara ko kwabo ba sai ya ji ƙararsa. Lagireto na wajen mai walda, ba a yi wayarin ba, ko fitilar oyil babu. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri tukuna." Ya dube ni a gaban mutane ya ce, "Ko dai ba ka yarda da aikinka ba ne?"

Maganar nan ce ta ci ni. Na sa aka ɗauko batir, na rataye galan ɗin fetur da tiyo, na yi kik. Bugu ɗaya ya tashi. Ya yi minti biyu ko uku yana silo, wato ba a taka totur ba, suna ta Masha Allah, na kashe saboda babu ruwa a ciki.

Daga nan aka ja motar zuwa wajen mai gyaran bodi. Tun kafin shuka, ba ta dawo ba sai bayan an yanke gero. Damina guda ta ƙare a kanta a fili. Da na buɗe bonet, zanzaro ya gina ɗakinsa a maƙogwaron kafireto. Na cire fulogi, bakinsu ja da tsatsa. Na sa sifana in juya injin, yana cijewa. Ka san dalili? Fetur in ya ƙone yana fitar da tururin ruwa. Injin da bai yi zafi sosai ba, ruwan nan ba ya fita, zama yake a silinda da salansa. Ga ɗanyen fetur ya wanke man da na shafa wa silif da yatsana. Sabon kanshaf kuma ba ya son silo, don mai ba ya fantsamar masa yadda ya kamata. Na bar ƙarfe tsirara wata da watanni, ni da hannuna.

Da muka tayar, hayaƙi shuɗi kamar ana ƙona bola. Kafin ya je Gumel ya dawo, baƙin mai ya sauka. Alhajin nan ya hana ni cikon kuɗina, ya bi tasha yana cewa kayan gwanjo na zuba masa na ci kuɗin sabo. Shi da ya matsa mini! Na sake sauke injin, ringi da gaskit duk a kaina, sai da na sayar da buhun gero huɗu na gidana. Har yau in na hango shi ranar kasuwa, raina sai ya ɓaci.

Taimin da saitin tafet ba zan ɓata bakina a kansu ba, wanda ya shekara uku a garejin nan bai san su ba ya koma gona. Abin da nake so ka riƙe shi ne: lagireto a ɗaure cike da ruwa, fambel a jiki, salansa a haɗe don kunnenka ya ji abin da injin ke faɗa, fitilar oyil da agogon zafi suna aiki. Ka cire fulogi ka yi ta kik har fitilar oyil ta mutu, ka ga mai ya hau sama da idonka. Sannan ka mayar, ka tayar, ka riƙe shi wajen juyi 2,000 a minti, har tsawon minti 20, ba sauka silo, wani na ƙasa yana duba yoyo. Daga nan titi, a hankali, ba lodi, ba gudu ɗaya. In motar ta yi kamar kilomita 1,000 a juye baƙin mai, a canza filta, a sake ɗaure tof.

Mai fentin nan kuwa na san shi, sati biyunsa wata biyu ne. Tashi ka ɗiga baƙin mai a ramin kowane fulogi, ka toshe duk wata kafa da tsumma mai tsabta, ka lulluɓe injin da leda, ka jawo shi cikin shago. In mai motar ya zo yana son jin ƙara, ka turo mini shi.