Ɗinkin Gida Da Takardar Yanka: Yadda Zai Zama Sana'a Ba Tare Da Jari Ya Narke Ba

Wata baiwar Allah da ke zaune a Kano ta aiko da tambaya. Ta ce tana saro atamfa daga Kantin Kwari tana sayar wa mata a cikin gida, kuma shekara uku ke nan tana ɗinka kayanta da na 'ya'yanta da kanta a kan keken ƙafa. Ba da ido take yanka ba kamar yadda yawancin teloli ke yi, tana zana kowane sashe na riga a takarda ne, ta yanke shi, sannan ta ɗora a kan yadi ta bi gefensa da alli. Maƙwabta sun fara kawo mata ɗinki, ga shi kuma za ta kwashi adashin naira 300,000. Tambayarta ita ce: ta sayi babban keken lantarki ta buɗe karɓar ɗinki, ko ta ƙara kuɗin a kan jarin atamfa ta bar ɗinki a matsayin aikin gida?

Malama, amsata a taƙaice ita ce kada ki sayi babban keken yanzu, kuma kada ki bar ɗinkin. Abin da ke hannunki mai daraja ba keke ba ne, takardun nan ne da kike yanka da su, kuma ina ganin ba ki riga kin gane irin kuɗin da ke cikinsu ba.

Tela mai yanka da ido, komai ƙwarewarsa, kowace riga sabon aiki ce a wurinsa. Sai ya ɗauki awo, ya lissafa a kansa, ya ja alli, ya yanka, idan gobe an kawo masa irinta ya sake farawa daga tushe. Ilimin yana cikin kansa da hannunsa, shi ya sa ranar da ya kwanta rashin lafiya shagon ma ya kwanta. Ke kuwa da zarar kin gyara takardar rigar yarinya 'yar shekara biyar har ta zauna daidai, kin gama wannan tunanin ke nan, riga ta ashirin za ta fito kamar ta farko. A kan wannan dabara aka gina manyan kamfanoni. A shekarar 1863 wani tela a Amurka mai suna Ebenezer Butterick ya fara sayar da takardun yanka da aka jera bisa girma daban-daban, kuma daga 1952 mujallar Burda ta Jamus ta riƙa saka irin waɗannan takardu a cikinta domin matan da ke ɗinki a gida. Abin da suka sayar shi ne awon da aka riga aka gwada, wanda za a iya maimaitawa. Amfanin takarda yana cikin maimaici, saboda haka idan kika buɗe karɓar ɗinki, yau wannan ta kawo leshi tana son salon da ta gani a Instagram, gobe waccan ta kawo shadda tana son wani daban, kin jefar da fifikon da kike da shi, kin shiga layin da ɗaruruwan teloli suka riga ki tsayawa.

Shawarata ita ce ki zaɓi kaya iri ɗaya, ki ɗinka shi da yawa a kan awo tsayayye, ki sayar da shi a ɗinke. A matsayinki na mai sayar da atamfa, rigunan yara mata su suka fi dacewa da ke. Jikin yaro ba ya buƙatar matsewar awo irin ta babbar mace, 'yar sakewa kaɗan ba ta ɓata rigar, hasali ma iyaye sun fi son wadda yarinya za ta daɗe tana sawa. Yadin da suke ci kaɗan ne, kuma matan da ke zuwa sayen atamfa a wurinki su ne iyayen yaran, don haka ba sai kin fita neman kasuwa ba. Salo biyu ya isa a farko, kowanne a girma huɗu ko biyar, daga 'yar shekara biyu zuwa 'yar shekara goma.

Yanzu mu zo ga lissafi, domin a nan ne mafi yawan masu ɗinkin gida ke faɗuwa suna zaton riba suke ci. Kuɗin da zan ambata misali ne kawai, ki musanya su da farashin da kika tarar a kasuwa ranar da kika je sari. Mu ɗauka kin saro turmin atamfa mai yadi 6 a kan naira 12,000. Idan kowace riga ta ci yadi 2, riga uku za ki samu, yadin kowacce ya tashi 4,000. Amma idan kika shimfiɗa turmin gaba ɗaya, kika jera takardun riga huɗu na ƙananan yara a kansa tun kafin almakashi ya taɓa shi, hannun wannan ya shiga gurbin da wuyan waccan ya bari, kowace riga za ta iya tsayawa a yadi ɗaya da rabi, yadin kowacce ya dawo 3,000. Wannan naira dubu ɗaya da kika tsira da ita a kowace riga ba daga aljihun mai saye ta fito ba, daga ƙyallen da da shara zai tafi ta fito. Na taɓa zama ina kallon wata mata tana wannan aiki a tsakar gida, ta baje atamfa a kan tabarma ta danne gefunan da duwatsu, tana juya kwalayenta nan da can kusan rabin sa'a ba ta yanka komai ba, sai da ta ga babu wani fili da ya wuce tafin hannu sannan ta ɗauki alli. Abin da ya rage mata bayan ta gama bai cika ƙaramar leda ba, shi ma ta ajiye don ɗaurin gashi. Sai dai ki lura da atamfar da zanenta ke kallon gefe ɗaya, kamar mai tsuntsaye ko furen da ke tsaye, domin ba za ki iya kifa takarda a kanta ba, kuma za ta ci yadi fiye da wadda zanenta ya watsu ko'ina. Tun a wurin sari ya kamata ki riƙa duba wannan.

Bayan yadi, ki rubuta shafi, zif, zare, maɓalli, kuɗin kai wa mai keken daje baki (keken da ke ɗinke gefen yadi don kada zare ya warware), gawayi ko wutar guga, ledar sakawa, da rabon kuɗin motar zuwa kasuwa. A misalinmu mu ce duk sun kama 2,000. Sai abin da kusan kowa ke mantawa, wato ladan hannunki. Ki tambayi abin da telan unguwarku ke karɓa a kan ɗinkin irin wannan riga, ki rubuta shi a matsayin kuɗin aiki, mu ce 2,500. Ke nan rigar ta tsaya miki a kan 7,500 kafin a yi maganar riba. Idan kika sayar da ita 6,500 kina murnar kin samu 1,500 a kan abin da kika kashe, gaskiyar magana ita ce kin yi aiki a ƙasa da ladan tela, kuma kin ba da atamfar ba tare da ribar da kika saba ci a kanta ba. Wannan batu na biyu yana da muhimmanci a gare ki musamman, tunda kina da sana'a biyu a ɗaki ɗaya. Duk turmin da kika ɗauka daga kayan sayarwa don ɗinki, ki rubuta shi kamar an saya a farashin da kike sayar wa mutane, in ba haka ba ɗinki zai riƙa cin jarin atamfa a ɓoye, ki wayi gari kaya sun ragu a kan kanta ba ki san inda suka shiga ba. Littafi biyu za ki ajiye, ko da na ɗan makaranta ne.

Dalilin da ya sa na hana ki babban keke shi ne, matsalarki a yau ba saurin ɗinki ba ce. Ba ki riga kin san riga nawa za ki iya sayarwa a wata ba, kuma keken da ya cinye mafi yawan adashinki zai bar ki da inji mai gudu babu kuɗin yadin da za ki sa a ƙarƙashinsa. Ga kuma batun wuta, wanda ba sai na yi miki dogon bayani ba, da tsadar mai tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, wadda ta sa tayar da janareta domin riga biyu ya zama asara. Keken ƙafarki, ko Butterfly ne ko Singer, idan aka kai shi wurin mai gyara aka wanke aka sa masa mai, zai ɗauki aikin watanni shida na farko, kuma akwai ƙaramin injin lantarki da ake ɗaura masa don ranar da aka kawo wuta. Daga cikin kuɗin, ina ganin ki ware kashi ɗaya cikin uku kawai ga wannan gwaji, ki mayar da wani kaso ga atamfar da kin riga kin san tana tafiya, ki bar saura a ajiye ba tare da kin taɓa ba. Rance kuwa, ko na banki ne ko na 'yan'uwa, lokacinsa bai yi ba.

Game da takardun kansu, akwai abin da zan ja hankalinki a kai. Waɗanda suka zauna daidai ki mayar da su kan kwali mai kauri, domin takarda tana cinyewa a gefe da yawan bin alli, awon ya riƙa raguwa ba ki sani ba. A jikin kowane kwali ki rubuta sunan salon, shekarun yaron, ko gaba ne ko baya, guda nawa ake yankawa, da kibiyar da ke nuna tsawon yadi. Idan kina sauko da wasu daga intanet, ki auna ɗan murabba'in gwajin da ake sakawa a shafin farko bayan an buga miki, saboda masu shagon buga takardu kan rage girman shafi ba da gangan ba. Ki kuma duba ko an haɗa da rarar ɗinki a gefe, wato ɗan ƙarin yadin da ake bari a bayan layin ɗinki. Manyan kamfanonin Amurka sukan haɗa da ita, wajen santimita ɗaya da rabi, amma na cikin mujallar Burda ba su da ita, ke za ki ƙara da hannunki, kuma wadda ba ta san haka ba za ta yanka turmi guda ya fito a matse. Yawancin takardun da ake sayarwa an rubuta a jikinsu cewa don amfanin gida ne, ba don ɗinkin sayarwa ba, don haka abin da ya fi tsabta shi ne ki gina kasuwancinki a kan waɗanda kika zana da kanki daga awon yaran da ke kewaye da ke. Ki auna yara biyar ko shida masu shekaru ɗaya a unguwa, za ki samu awon da ya fi na kowace takardar waje dacewa da masu sayenki. Kafin ki yanka atamfa mai tsada da sabuwar takarda, ki gwada ta a kan tsohon zani.

Dole kuma ki san da wa kike takara. Akwai kayan kanti da ake shigowa da su daga Sin, akwai gwanjon Ƙofar Wambai, kuma ba za ki iya karya farashinsu ba, kada ma ki gwada. Abin da kike da shi wanda ba su da shi shi ne atamfa ce, irin wadda uwa ke son ganin 'yarta a ciki ranar idi, kuma tana nan a ɗinke, an goge, za a biya a ɗauka. Duk wanda ya taɓa zaman jiran tela a daren Sallah ya san darajar wannan. Saboda haka ki fara yanka tun watan Rajab, ki ɗinka a Sha'aban, ya zama azumi na kamawa kayanki na rataye, lokacin da teloli suka fara cewa sun rufe karɓar aiki. Kada ki cika ɗaki a zagayen farko. Riga ashirin zuwa talatin sun isa su nuna miki girman da ya fi tafiya da wanda ke kwantai, kuma wanda ya rage yana da Babbar Sallah a gabansa bayan wata biyu da kwana goma.

Maƙwabtan da ke kawo miki ɗinki ba sai kin kore su ba, amma ki sa ƙa'ida. Ki karɓi wanda ya dace da takardun da kike da su, ki karɓi kafin alƙalami aƙalla rabin kuɗi kafin ki yanka, ciko kuma ranar ɗauka. Na san nauyin da ke cikin faɗa wa ƙawa ko 'yar'uwar miji cewa ba a ba da bashi, musamman ga mai sana'a a cikin gida wadda masu sayenta duk sanannu ne, amma rigar Sallar da aka ɗauka bashi wuya take a biya ta bayan an sha biki, kuma bashi uku ko huɗu sun isa su shafe ribar zagayen gaba ɗaya. Idan akwai wadda kike son taimakawa, ki ba ta kyauta da saninki ki rubuta a littafi cewa kyauta ce.

Bayan Ƙaramar Sallah ki zauna da littafin ɗinkin ki duba abu uku: riga nawa aka saya da kuɗi hannu, nawa ya rage bayan kin cire ladan aikinki, kuma a wane mataki aiki ya fi tsaya miki. Idan kika ga yawan kai kaya wurin daje baki ne ke cin lokacinki da kuɗinki, to keken daje baki shi ne sayayyarki ta farko, ba babban keken ɗinki ba. Idan kuwa hannu ne ya yi kaɗan, ki ɗauki yarinya ɗaya mai koyo ki ba ta haɗa sassan da kika yanka, tunda kwalayenki sun riga sun ɗauke mata wahalar awo, ke kuma ki riƙe yanka da duba aiki kafin ya fita. In Allah ya sa kayan suka ƙare kafin Sallah har zagaye biyu a jere, ki sake rubuto mini da alƙaluman da ke littafinki, a lokacin sai mu yi maganar babban keke da rajistar sunan kasuwanci.