Amsar Kawu kan gidan hayar Ƙofar Ƙaura

Ɗana, saƙonka ya iso, na sa ƙanenka ya karanta mani sau biyu, don ido ya fara ƙin ƙananan rubutun waya. Ka ce gidan Ƙofar Ƙaura da marigayi mahaifinka ya bar maku yanzu yana hannunka, malamin makarantar da ke ciki shekara bakwai bai taɓa sa an bi shi kuɗi ba, amma dillali na zuga ka ka ninka haya ko ka tashe shi. Kana son sanin abin da aka gada tsakanin mai gida da ɗan haya, da yadda ake riƙe na kirki.

Hayar da kuka sani ba tsohuwar aba ba ce a birnin nan na Katsina. A da baƙo zaure ake ba shi ko shago. Fataken da suka zo daga Agadas, ko masu goro daga Gwanja, wajen fatoma suke sauka. Shi zai ba su ɗaki, ya adana masu kaya, ya nemo masu mai saye, ya tsaya masu in rigima ta taso, sannan ya ci la'adarsa. Arzikin fatoma shi ne baƙon bana ya sake sallama baɗi. Gidajen haya sun yawaita ne bayan 1987, da aka cire jihar Katsina daga Kaduna, ma'aikata suka dawo da iyalansu suna neman wurin zama. Daga baya jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta ƙaro malamai da ɗalibai. Sai mutane suka koyi karɓar kuɗi, suka manta da rabin aikin fatoma.

Fara da dillalin. Ba na zagin sana'arsa, amma ka lura da inda abincinsa yake: sai an sauya ɗan haya yake samun la'ada, galibi kashi 10 cikin 100. In malamin ya ƙara shekara bakwai, dillali bai ci ko sisi ba. To shawarar wa yake ba ka?

Ni na taɓa yin wannan wautar, shi ya sa nake ja maka kunne. Akwai wani ma'aikacin asibiti da ya zauna gidana na Rafindaɗi, mutum mai kunya. Wata shekara albashi ya yi jinkiri, ni kuma ina da hidimar aurar da yayarka. Na tare shi bayan la'asar a ƙofar masallaci, na yi mashi maganar kuɗi jama'a na ji. Bai ce uffan ba. Cikin mako ya biya, da wa'adinsa ya cika ya kawo mani makulli da godiya. Gidan ya yi wata huɗu ƙadangaru ke kwana ciki. Wanda ya biyo baya ya fi shi kuɗi, amma da dare ya kwashe kayansa, ya bar mani bashin wuta da ƙofa a ɓalle. Ɗan haya na kirki ba ya faɗa da kai, tashi kawai yake yi, kuma yawanci ba tsada ke tada shi ba, wulaƙanci ne.

Saboda haka ka riƙe wannan: ranar da ka karɓi kuɗinsa, bango naka ne, amma zaman nasa ne. Ba ka faɗa mashi gida don kawai a nan aka yanke maka cibiya. Aya ta 27 cikin Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, kuma gidan da iyalinsa ke ciki gidansa ne har wa'adi ya ƙare. In za ka kai magini ko mai gyaran famfo, ka kira ɗan hayar tun jiya, matan gida su kintsa. Kada ka aiki yaro karɓar haya wajen matarsa.

Gyara kuwa, abin da malamai suka koya mana a babin ijara shi ne mai gida ya miƙa wurin da zai zaunu. Rufi, katanga, masai in ya cika ko ya rufta, duk naka ne. Ƙwan fitila, ko kan famfon da yaransa suka karya, nasa. Ka hau ka duba kwano da indararo tun bazara, kada ka bari sai ruwan Agusta ya jiƙa mashi katifa. In ya yi gyara da kuɗinsa bisa yardarka, ka cire a haya tun bai tuna maka ba. Wuta kuma, in da hali kowane sashe ya samu mitarsa. Rabon kuɗin wuta ya raba maƙwabta da yawa.

Ban ce kada ka ƙara ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, siminti da kwano da ladan magini duk sun tashi, shi ma ya sani, kasuwa ɗaya kuke zuwa. Ka je da ƙafarka, ku zauna a zaure ku biyu, wata uku ko huɗu kafin lokacin biya. Faɗi abin da kake so, ka ji nasa. Mai albashi ne, in biya biyu ya fi mashi sauƙi, karɓi biyu. Abin da kuka tsayar ku rubuta, liman ko mai unguwa ya shaida, kowa ya riƙe takarda. Duk biya ka ba shi rasit, ko da ta waya ya turo. Rubutu ba rashin yarda ba ne, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka.

Ka tambaya ko dole ne a kai wa ɗan haya naman layya. Ba dole ba ne, amma mahaifinka bai taɓa tsallake gidan nan ba, kuma ranar rasuwarsa na ga malamin a maƙabarta, har aka share zaman makoki yana zuwa. In an yi masu haihuwa a je suna, in rashi ne a je gaisuwa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ranar Juma'a in an sauko masallaci ka biyo ta nan mu tafi tare, ina son ganin katangar bayan gidan da ka ce ta tsage. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata maganin ƙafar ya iso.

Kawunka