Amsa ga 'yar uwar da aka tura bayofsi

'Yar uwa da kika ce an miki gwajin bakin mahaifa an ga wani wuri ya yi fari, yanzu an tura ki bayofsi, wato a ɗan gutsuro naman wurin a duba, kina tambaya wai shikenan kansa ce? Don Allah ki kwantar da hankalinki. Ni ma an min haka nan Gombe, kwana uku ban iya cin abinci ba, har na fara yi wa maigida wasiyya, yanzu abin dariya yake ba ni.

Gwajin nan da ake shafa ruwan khal da ido kawai ma'aikaciyar ke dubawa, kuma ko kumburi ne ko infekshan yana iya sa wurin ya yi fari. Shi kuma gwajin da ake kira Pap saman wurin ake ɗan sharowa da burushi, in bai taɓa inda ciwon yake ba ko jini ya rufe abin da aka ɗebo sai rizot ya fito lafiya lau alhali akwai matsala. Gwajin HPV, wato ƙwayar cutar da ke jawo kansar bakin mahaifa, ya fi su kamawa amma iyakarsa ya ce ƙwayar cutar tana nan, ba zai ce ta yi ɓarna ba, kuma yawancin mata jikinsu ne ke korar ta cikin shekara 2. Nau'i na 16 da 18 su ne masu haɗarin sosai, su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan kansar.

Bayofsi kuwa naman wurin ake gutsurowa, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa, a kai lab a duba shi a madubin likita. Nawa CIN 1 ya nuna, likita ya ce canji ne ɗan kaɗan da sau da yawa yake warkewa da kansa, na koma bayan shekara babu komai alhamdulillah.

Amma abin da ke min ciwo gwaggona ce Allah ya jiƙanta, al'ada ta ɗauke mata da daɗewa sai ga jini, ta ce ai ta taɓa yin Pap an ce lafiyarta ƙalau, ta zauna tana shan jiƙe-jiƙe, sanda aka yi bayofsin abu ya riga ya yi nisa. Mai ganin jini bayan saduwa ko ruwa mai wari ba tsohon rizot za ta riƙe ba, likitan mata za ta gani.

Ki je kawai, zafinsa kamar ciwon mara ne, ki tafi da audugar mata don za ki ɗan ga jini, maigida kuma ya yi haƙuri na 'yan kwanaki. Jiran rizot ɗin ne ya fi wahala wallahi, Allah ya sa mu ji alheri.